Makon Ƙarshen Zango a Makarantar Kwana: Ɗalibi Ake Aunawa Ko Malami?

Gabatarwa

Kalambaina tana yamma da birnin Sakkwato, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko. Duk wanda ya ji sunanta, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne siminti, domin a nan ne aka kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a shekarar 1962, ya kuma fara aiki a 1967, saboda arzikin farar ƙasa da Allah ya shimfiɗa a yankin. Daga baya kamfanin ya koma hannun BUA, aka kuma buɗe sabon sashe a 2018 mai iya samar da tan miliyan 1.5 a shekara. Wannan ya sa hanyar Kalambaina ba ta rabuwa da manyan motoci dare da rana. To amma sau uku a shekara hanyar takan ɗauki wani kaya na daban, wato 'yan makarantun kwana na Sakkwato da kewayenta masu komawa gida hutu, kowa da akwatin ƙarfensa da bokitinsa da katifa a naɗe. A cikin kayan kowane ɗalibi akwai wata 'yar takarda da ta fi duk sauran kayan nauyi, ita ce katin sakamako.

Jama'a sun ɗauki ƙarshen zangon karatu a matsayin lokacin da ake auna ɗalibi, a ga ya ci ko ya faɗi. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin shi ne, a wannan makon ne ake auna malami, a gane ko ya san yaran da aka damƙa masa amanarsu har tsawon wata uku, ko kuwa sunayensu kawai ya sani a cikin rajista. Wanda ke shirin zama malami ya kamata ya fahimci haka tun yana kwaleji, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tushen Makarantar Kwana a Ƙasar Sakkwato

Barin gida don neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, balle a ƙasar Sakkwato. Tun kafin zuwan Turawa, ɗalibi kan bar iyayensa ya tare a gidan malami, ya ci abin da aka ci, ya kwana inda aka kwana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya yi tafiya ya zauna wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, daga baya kuma Ɗegel ta cika da masu zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Abin lura a wannan tsohon tsari shi ne yadda ake auna ɗalibi. Ba a jiran ƙarshen shekara kafin a san matsayinsa. Kullum sai ya zo gaban malam ya biya allonsa, kuma ba a ba shi izinin wankewa sai ya iya. Malam ya san mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya san mai nawa, ya san wanda yunwa ko kewar gida ta hana shi karatu. Ranar da aka yi walimar sauka, ba wani sabon labari ake bayyanawa ba, abin da malam ya daɗe da sani ne ake shaida wa jama'a.

Da ilimin boko ya shigo, sai ya zo da nasa salon kwanan. Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka riƙa kai mata yara daga larduna daban-daban. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato. Alhaji Shehu Shagari ma ya bi wannan hanya: ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944, ya dawo ya zama malamin kimiyya, kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Bayan samun mulkin kai, a 1966, Gwamnatin Tarayya ta buɗe kwalejinta a Sakkwato, ɗaya daga cikin na farko-farko da aka kafa domin haɗa yaran sassan ƙasa a ɗaki ɗaya da akushi ɗaya. Ke nan makarantar kwana tana da dogon tarihi a wannan yanki, kuma tun asali ba don karatun aji kaɗai aka kafa ta ba, har da gina hali.

Abin da Rayuwar Kwana Ke Koyarwa

Ƙararrawa ce sarauniyar makarantar kwana. Ita ke tayar da ɗalibi kafin asuba, ita ke tura shi masallaci, ita ke kai shi shara da layin ɗibar ruwa, ita ke kiransa taron safe da aji da ɗakin cin abinci, ita ke fitar da shi filin wasa bayan la'asar, ita ke zaunar da shi karatun dare, ita kuma ke kashe fitila. Yaron da a gida sai an yi ta fama da shi kafin ya tashi, a nan yakan koyi cewa lokaci ba ya jiran kowa, kuma wanda ya makara a layin koko sai ya wuni da yunwa. Yakan koyi wanke tufafinsa da kansa, da adana ɗan kuɗin da aka ba shi, da zama da wanda harshensu ko addininsu ko arzikin gidansu ya bambanta. Ɗan injiniyan kamfanin siminti da ɗan mai noman albasa a fadamar Rima kan haɗu a gado ɗaya mai hawa biyu, wannan a sama wancan a ƙasa, kuma sauro ba ya tambayar ɗan wane ne.

Akwai wani darasi da ba ya cikin manhaja, wanda akwatin ƙarfe ke koyarwa. A farkon zango kowa mai arziki ne, akwati cike da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga da yaji, abokai kuma sun yi yawa. Idan aka kai mako na tara ko na goma, akwati ya koma fayau, ranar ziyara ta wuce, sai tuwon makaranta da miyar da ɗalibai ke yi wa kirari iri-iri. A wannan lokaci ne ake gane mai raba ɗan abin da ya rage masa da wanda ke jira dare ya yi ya ci a ɓoye, ake gane wanda zai raka maras lafiya ɗakin shan magani ya kuma ajiye masa abincinsa. Waɗannan halaye su ne za su bi yaro har ƙarshen rayuwarsa, amma babu takardar jarrabawar da ke tambaya a kansu.

Sai dai zuma da zaƙi take da harbi. Makarantar kwana tana da nata duhun. Akwai zaluncin manyan ɗalibai a kan ƙanana, da sunan horo ko al'adar makaranta: a aiki yaro ɗibar ruwa har ya rasa darasin farko, a ƙwace masa nama, a sa shi wanki, in ya yi magana a ce ya yi rashin kunya. Akwai sata, akwai cunkoso a ɗakin kwana, akwai ƙarancin ruwa, akwai cuta. Mafi yawan waɗannan abubuwa suna faruwa ne bayan an tashi daga aji, lokacin da malamin da ya ɗauki aikinsa a matsayin rubutu a allo kawai ya riga ya hau babur ɗinsa ya tafi. Malamin da ke kula da gidan kwana, da uwar ɗalibai a makarantun 'yan mata, da malamin da ke kan aikin mako, su ne ke da damar ganin yaro a yadda yake. Wanda ya zaga ɗakunan kwana da dare sau biyu a mako zai san abin da wanda ya shekara yana koyarwa a aji bai sani ba.

Makon Ƙarshe

Kowane zango da irin ƙarshensa a Sakkwato. Na farko yakan ƙare a watan Disamba, cikin hunturu, leɓuna sun tsage, wanka ya zama yaƙi, ɗalibai Kirista kuma suna ɗokin isa gida kafin Kirsimeti. Na biyu yakan ƙare wajen Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ruwa ya yi ƙaranci, kuma lokacin ne ake fargabar sanƙarau, cutar da ta yi ɓarna a jihohin Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, wadda kuma cunkoso a ɗaki ke taimaka wa yaɗuwarta. Na uku yakan ƙare a Yuli, cikin damina da zazzaɓin cizon sauro, shi ne kuma mai ɗauke da hukuncin wucewa aji na gaba ko maimaitawa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne 'yan kwanakin da ke tsakanin takardar jarrabawa ta ƙarshe da ranar sallama. Tsofaffin malamai sun san babu kwanaki masu haɗari a zango kamar waɗannan. Malamai sun duƙufa a ofis suna duba takardu da haɗa maki, ɗalibai kuwa an sauke musu nauyi, ba aji, ba karatun dare. A nan ne ake rama tsohuwar gaba, a nan ne ake tsallake katanga a shiga gari, a nan ne ƙaramin ƙorafi kan abinci ke iya zama bore har a farfasa tagogi. Saboda haka shagulgulan ƙarshen zango ba ƙawa ba ce kawai, ba kuma ɓata lokaci ba ne. Dabara ce ta tarbiyya, wadda ke juya ƙarfin ƙuruciya zuwa inda zai yi amfani.

Makarantar da ta san abin da take yi takan tsara wannan mako tun farkon zango, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Akan yi gasar wasanni tsakanin gidajen kwana: ƙwallon ƙafa da tsere da tsalle, wani wuri har da langa da kokawa. Akan yi muhawara da kacici-kacici. Akan yi musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda ke da gata na musamman a Sakkwato, tun da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta fara shirya musabaƙa ta ƙasa a 1986. Ƙungiyar Hausa takan shirya wasan kwaikwayo da karanta waƙoƙin da ɗalibai suka rubuta da nunin tufafi da abincin gargajiya. Sannan a yi gagarumar shara, a mayar da littattafan laburare, a ƙirga gadaje da kujeru.

Ga malamin Hausa musamman, wannan mako kasuwa ce. Yaron da ya shafe zango a kujerar baya bai taɓa ɗaga hannu ba, sai a ba shi matsayin sarki ko na maroƙi a wasan kwaikwayo, ya buɗe baki jama'a su yi tsit. Yarinyar da lissafi ke ba ta wuya, sai ta tsaya a muhawara ta jero hujjoji har alƙalai su kalli juna. Wani kuma ba ya cikin masu fitowa, amma shi ya haɗa dandamali, ya nemo tabarmi, ya sasanta 'yan wasan da suka saɓa. Malamin da ya zauna a ofis a wannan rana yana haɗa maki ya rasa rabin sanin ɗalibansa.

Ranar Kyaututtuka da Ma'anar Nasara

Ƙololuwar shagali ita ce ranar jawabi da ba da kyaututtuka, wadda akasari ake yi a ƙarshen shekarar karatu. Akan kafa rumfuna, a gayyato iyaye da hakimi da jami'an ma'aikatar ilimi da tsofaffin ɗalibai. Shugaban makaranta ya karanta rahoton shekara, ya faɗi nasarori, ya kuma jero buƙatu. Daga nan a shiga kiran suna: na ɗaya, na biyu, na uku. Babu mai musun cewa wannan abu ne mai kyau. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma yaron da ya hana idonsa barci ya cancanci a tafa masa a gaban mahaifinsa.

Amma a aji mai ɗalibai 50, idan an kira uku, saura 47 suna zaune a rana suna tafi. Tambayar da ta kamata malami ya yi wa kansa ita ce, me waɗannan suka koya daga bikin? Idan abin da suka koya shi ne cewa nasara gadon wasu mutum uku ce, waɗanda tun aji ɗaya su ne dai ake kira, to bikin ya yi gyara kaɗan ya yi ɓarna mai yawa. A ɗauki misalin yara biyu. Na farko ya zo daga gidan da ake da littattafai da wutar lantarki da mai yi masa bita, ya sami maki 82 a zangon farko, ya sami 80 a na uku. Na biyu ya zo daga firamaren ƙauye, ya shigo sakandare ko karatun Hausa bai nuna ba, ya sami 28 a zangon farko, ya sami 47 a na uku. A takarda, na farko shi ne zakara, na biyu kuwa yana can ƙasa. Amma wanne ne ya fi yin tafiya? Wanne ne aikin makaranta ya fi bayyana a jikinsa? Makarantar da ba ta da kyautar wanda ya fi ci gaba, da ta mai tsafta, da ta mai riƙon amana, da ta mai taimakon 'yan'uwa, ta nuna cewa abin da yaro ya zo da shi daga gida take yaba wa, ba abin da ita ta ƙara masa ba.

Wannan ba ra'ayi ba ne na tausayi kawai, abin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada ke nan. Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta jaddada auna ɗalibi a kai a kai, maimakon dogara ga jarrabawa guda ta ƙarshe, aka kuma ci gaba da hakan a tsarin 6-3-3-4 da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999. Masana ilimi, bisa rabon da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 1956, sun kasa abin da ake koyo gida uku: abin da ya shafi tunani da fahimta, da abin da ya shafi ɗabi'a da hali, da abin da ya shafi aikin hannu da motsa jiki. Jarrabawar aji gida ɗaya take aunawa. Sauran biyun a ɗakin kwana da filin wasa da dandamalin wasan kwaikwayo ake ganinsu.

Katin Sakamako

Duk abin da ya gabata a kan katin sakamako yake tattaruwa. A mafi yawan makarantu, katin yana da gurbin makin gwaje-gwajen zango, wanda kan ɗauki 30 ko 40 cikin 100, da gurbin makin jarrabawa mai ɗaukar sauran. Yana da wani sashe na halaye, kamar zuwa a kan lokaci da tsafta da gaskiya da ladabi da iya zama da jama'a, inda ake ba da maki daga 1 zuwa 5. A ƙasa kuma akwai layi biyu ko uku na ra'ayin malamin aji da na shugaban makaranta. Wanda ya tsara katin ya yi tunani mai kyau. Matsalar tana wajen mai cikewa.

Sanannen abu ne cewa wani malamin bai yi gwaji ko ɗaya ba a zango, sai a daren ƙarshe ya zauna ya ƙirƙiro makin gwaji ta hanyar duban abin da yaro ya ci a jarrabawa. Wani yakan tara 'yan ajin ƙarshe ya ba su takardu su haɗa masa maki, ya buɗe ƙofar son kai da cinikin sakamako da hannunsa. Wani yakan bi sashen halaye ya jera wa kowa 4 daga sama har ƙasa, mai gaskiya da ɓarawon sabulu duk ɗaya. A gurbin ra'ayi kuwa, kalma ɗaya ce ake maimaita wa yara 50: a ƙara ƙoƙari. Wani kuma yakan ɗaga makin ɗan wani babba don gudun ɓacin rai, ko a wuce da aji gaba ɗaya don kada a ce makaranta ta gaza. Duk wannan bashi ne ake ci da sunan yaro, kuma ranar biya tana zuwa. Ranar ita ce ranar da zai zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999, yana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. A ranar ne wanda aka yi shekara shida ana ce masa ya ci zai gane an yaudare shi, ko kuma ya shiga neman satar amsa domin rufe ramin da malamansa suka haƙa.

Ra'ayin malami na ƙwarai yana da ƙafa uku: ya faɗi abin da ya gani na alheri, ya faɗi inda rauni yake, ya kuma faɗi abin da za a yi a kai. Maimakon a rubuta wa yaro cewa ba ya ƙoƙari, ana iya cewa karatunsa a bayyane ya inganta ƙwarai a wannan zango, amma har yanzu yana haɗa kalmomin da ya kamata a raba, don haka ya riƙa kwafar shafi ɗaya daga littafin Hausa kullum a lokacin hutu. Maimakon a ce yarinya tana da surutu, ana iya cewa tana da baiwar magana, ita ta ciyo wa gidansu muhawara, sai dai tana buƙatar koyon sauraro idan ana darasi. Irin wannan jimla ba ta fi minti biyu a rubuta ba, amma ba mai iya rubuta ta sai wanda ya yi wata uku yana lura. Shi ya sa malami mai hikima kan ajiye ɗan littafi tun makon farko, shafi ɗaya ga kowane ɗalibi, yana ɗiga abin da ya gani, kamar yadda malamin allo ke riƙe da matsayin kowane almajiri a kansa.

Haka kuma wajibi ne malami ya tuna gidan da katin zai shiga. A Kalambaina da ƙauyukan Wamakko akwai gidan da uba zai ɗauki katin ya bi shi layi-layi, har ya kira malami a waya ya nemi bayani. Akwai kuma gidan da uba malami ne a karatun Alƙur'ani da ajami, amma katin da Turanci aka rubuta shi, saboda haka yaron da ake yi wa hukunci shi ne kuma tafinta. Abin da irin wannan uba zai gane shi ne jan biro da kuma lambar matsayi. Idan ya ga ja ya yi yawa, yana iya yanke shawarar cewa gara yaron ya koma gona ko ya bi mota, tunda ga tireloli nan a bakin hanya suna neman yaran mota. Idan mace ce, jimla ɗaya ta ganganci tana iya zama hujjar da za a ce karatun ya isa haka. Ke nan alƙalamin malami a wannan mako yana iya rufe ƙofar da ba za ta sake buɗuwa ba. Wannan ba dalili ba ne na ɓoye gaskiya, dalili ne na faɗinta yadda za ta yi amfani, da kuma neman hanyar isar da ita ga iyaye da harshen da suke ji, ko a taron iyaye da malamai, ko a bakin ƙofar makaranta ranar sallama, ko ta waya.

Hutu da Hanyar Gida

Duk mai buga bulo a Kalambaina ya san cewa aiki ba ya ƙarewa ranar da aka zuba siminti a ma'auni. Sai an yi kwanaki ana ba bulo ruwa safe da yamma, in ba haka ba rana ta busar da shi ya riƙa marmashewa, kuma injiniyoyi sai bayan kwana 28 suke auna cikakken ƙarfin kankare. Karatun zango ma haka yake. Dogon hutun da ke bin zango na uku ya isa ya busar da abin da aka koya idan ba a bi shi da ruwa ba. Ba sai an ɗora wa yaro jibgin aiki ba, domin da yawansu gona ke jiransu. Ya isa a ba shi littafi ɗaya ya karanta, ko a ce ya tattaro karin magana 20 daga bakin kakarsa, ko ya rubuta yadda ake dashen shinkafa a fadamarsu. Da haka gida ya zama aji, iyaye kuma su ga cewa abin da suka sani yana da daraja a idon makaranta.

Akwai kuma amanar rai, wadda ta fi ta karatu. Abubuwan da suka faru a Ƙanƙara ta Jihar Katsina a Disamba 2020, da Jangebe ta Jihar Zamfara a Fabrairu 2021, da Birnin Yawuri ta Jihar Kebbi a Yuni 2021, inda 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai daga makarantun kwana, sun canza yadda iyaye ke kallon makarantar kwana a Arewa maso Yamma. A wancan lokaci Gwamnatin Jihar Sakkwato ma ta rufe wasu makarantun kwana da ke yankunan da ake fargaba. Uban da ya kawo ɗansa kwana bayan duk wannan ya yi babban ƙarfin hali, kuma haƙƙinsa ne a mayar masa da ɗansa lafiya. Don haka ranar sallama ba ranar da malami zai riga ɗalibai fita ba ce. A sallami yara da sassafe domin na nesa su isa gida da rana, a rubuta sunan kowa da wanda ya zo ɗaukarsa, a san motar da na nesa suka shiga, kada kuma a kulle ƙofa sai an tabbata babu yaron da ya rage a ɗakin kwana don rashin kuɗin mota yana jin kunyar faɗa.

Kammalawa

Makon ƙarshen zango gajere ne, amma a cikinsa ake ganin abin da makaranta ta ɗauka da muhimmanci. Wasanni da muhawara da wasan kwaikwayo suna fito da baiwar da aji ya ɓoye, ranar kyaututtuka tana shaida wa yara irin nasarar da ake girmamawa, katin sakamako kuma yana kai shaidar malami har cikin gidan da bai taɓa shiga ba. Takardar shaidar malanta ta NCE tana ba mutum izinin tsayawa gaban aji, amma ba ita ke sa ya san yara ba. Wannan sai da zagaya ɗakin kwana, da tsayawa a bakin fili, da ɗan littafin lura, da tsoron Allah wajen ba da maki. Malamin da zai iya ɗaukar katin kowane ɗalibi a ajinsa ya rubuta masa jimla biyu na gaskiya waɗanda ba za su dace da wani yaro ba sai shi, ya ci jarrabawarsa ta zango. Wanda kuwa ya kasa, ko da duk ajinsa sun ci, akwai sauran aiki a gabansa idan aka dawo hutu.